Yadda Ake Shirya Laftof Domin Saita Injin Mota a Garejin Karkara

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, irin koken da masu mota ke kawowa gareji ya canza. A da mutum yakan zo ne idan mota ta ƙi tashi ko tana hayaƙi. Yanzu kuwa direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari yakan kawo motar da ke tafiya lafiya lau, ya ce shan manta ya yi yawa, ya kuma ƙara da cewa ya ji labarin a Kano ana jona wa mota kwamfuta ta rage sha. Wannan ne ya sa matasan makanikai da rewayoyi da dama a garuruwanmu suka fara sayen laftof da kebul, wasunsu kuma suka yi asarar da ta fi kuɗin laftof ɗin, saboda sun jona ta a mota tun kafin su shirya ta.

Aikin da laftof ke yi wa mota kashi biyu ne, kuma wajibi ne a raba su tun da farko. Na farko shi ne karantawa: a tambayi ƙwaƙwalwar mota, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, lambobin matsalar da ta ajiye, a kalli zafin ruwa da gudun inji da yawan iskar da yake shaƙa. Wannan ba shi da wani haɗari, domin ko kebul ya zare a tsakiya, mayar da shi kawai za a yi. Na biyu shi ne rubutawa: a goge umarnin da kamfani ya zuba a cikin ƙwaƙwalwar, a zuba wani wanda aka sauya wa yawan mai ko lokacin kunna fulogi. A nan ne ake mutuwa, domin a cikin 'yan mintunan da ake rubutun an riga an goge tsohon umarni, sabon kuma bai gama shiga ba. Idan laftof ta yi barci a wannan tsakanin, ko batirin mota ya yi sanyi, ƙwaƙwalwar na iya zama akwatin da ba ya amsa kira. Duk shirin da ke biye an yi shi ne domin waɗannan mintuna.

A fara da motocin da ke zuwa gareji

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi laftof tukuna, daga baya a zo ana neman manhajar da za ta dace da ita. Daidai shi ne ka zauna ka lissafa motocin da suka fi shigowa wurinka, domin kowane kamfani da irin manhajarsa da irin kebul ɗinsa. Motocin Volkswagen da Audi, wato dangin Golf da Sharon da Passat, ana duba su da VCDS na kamfanin Ross-Tech, tsofaffinsu kuma akwai ƙaramar manhajar VCDS-Lite da ke aiki da kebul mai sauƙi da ake kira KKL. Toyota tana da Techstream, Honda tana da HDS, Peugeot kuma DiagBox. Waɗannan duk na bincike ne da ƙananan saituttuka. Na sauya taswirar mai, wato jadawalin da ƙwaƙwalwa ke bi wajen ba inji mai, daban suke: akwai Hondata da KTuner ga wasu motocin Honda, akwai VCM Suite na HP Tuners wanda ya yi suna a kan motocin Amurka, akwai EcuFlash da RomRaider ga Subaru da wasu Mitsubishi, sannan akwai na'urori irin su KESS3 na kamfanin Alientech na Italiya da ake karanta ƙwaƙwalwa da su, a gyara fayil ɗin da WinOLS ko ECM Titanium. Wanda yake son shiga aikin mayar da mota zuwa iskar gas ta CNG ma ba zai tsira daga laftof ba, domin akwatin gas yana da tasa manhajar da ake daidaita shi da ita bayan an ɗaura.

Kusan dukkan waɗannan a kan Windows suke aiki, saboda haka ka manta da MacBook da Chromebook komai kyansu. Ka kuma tabbata motocin naka suna da soket ɗin da ake kira OBD-II, mai ramuka 16, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari. An wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu dizal. Tsohuwar Peugeot 504 mai kabireta ba ta da ƙwaƙwalwar da za a yi magana da ita, sukudireba da kunnen makanike ne kwamfutarta. Manyan motoci masu batir biyu kuwa wutarsu bolt 24 ce, kuma kebul ɗin ƙananan motoci na iya ƙonewa idan aka tilasta masa shiga soket ɗinsu.

Wace irin laftof

Wannan aiki ba ya bukatar laftof mai tsada, yana bukatar mai juriya ne. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigo da su na hannu, irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook, sun fi sababbin masu sheƙi da araha dacewa da gareji, domin jikinsu ya fi ƙwari, ana samun batirinsu da cajarsu a kasuwa, kuma suna da manyan ramukan USB na da, waɗanda kebul ɗin mota ke shiga kai tsaye ba sai da adafta ba. Injin Intel Core i5 da RAM gigabait 8 sun wadatar. Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne ma'ajiyar fayil: lallai ta kasance SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba, domin laftof ɗin za ta riƙa hawa mota a kan hanyar burji mai gargada, faifai mai juyawa kuma jijjiga ce ajalinsa.

Idan ka je saye a Kano, kada ka yarda da cewar mai shago batir yana awa huɗu. Ka buɗe Command Prompt a gabansa, ka rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar maka da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da ya rage masa a yau. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, ka sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Ka gwada kowane ramin USB da filas, kana ɗan girgiza shi a hankali, domin ramin da ya yi sako-sako yana yanke magana ko da kebul bai fita ba. Sannan ka kashe laftof ɗin, ka sake kunnawa, ka dubi kwanan wata. A cikin kowace laftof akwai ɗan ƙaramin batir kamar kwabo da ke riƙe agogo. Idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, manhaja mai lasisi kuma ta ƙi buɗewa, mutum ya yini yana zargin kebul. Ka fita da ita rana ka ga ko ana ganin rubutu, domin mu a ƙarƙashin darbejiya ko rumfar kwano muke aiki, allo mai ƙyalli kuma madubi yake komawa da hantsi.

Zafi da ƙura su ne sauran abokan gaba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano da Jigawa yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka nesa. Kada a ajiye laftof a kan kujera mai soso, domin sosan yana toshe ramukan da fanka ke shaƙar iska. Ɗan faffaɗan katako ya isa a ɗora ta a kai. Bayan kowane hunturu a sa mai gyara ya buɗe ta ya kakkaɓe ƙurar da hazo ya tara a fanka.

Idan ta zo gida, abu na farko shi ne a goge duk abin da ke cikinta a zuba sabuwar Windows, domin ba ka san hannun da ta bi ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ta gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan injunan Intel da suka girmi zuriya ta takwas, don haka idan aljihu zai iya, a nemi wadda za ta ɗauki Windows 11, kamar ThinkPad T480 mai injin zuriya ta takwas. Sai dai a duba shafin kamfanin manhajar kafin a yanke shawara, domin wasu tsofaffin manhajoji an rubuta su ne a zamanin Windows XP da Windows 7. Irin waɗannan ana iya gina musu ɗaki a cikin laftof ɗin, wato a zuba tsohuwar Windows a cikin sabuwa, da VirtualBox ko VMware, amma a ra'ayina wannan ya dace da karatu ne kawai, ba zan rubuta wa ƙwaƙwalwar mota ta wannan ɗakin ba, domin kowane tsani da aka ƙara tsakanin manhaja da kebul wata kafa ce ta katsewa. Bayan Windows, a zuba .NET Framework 3.5 da fakitin Visual C++ na Microsoft, domin manhajoji da yawa ba sa tashi sai da su. RomRaider kuma tana bukatar Java.

Daga wannan rana laftof ɗin ta zama kayan aiki kamar jak da sifana. Ba a tura fim da ita, ba a ba yaran gida su kalli ƙwallo, ba a kai ta shagon masu tura waƙoƙi a soka mata filas ɗin da ya zaga gari. Na san wannan yana da wuya a gidan da ita kaɗai ce kwamfuta, amma wanda ya kasa tsare wannan doka ya tsaya a karatu, kada ya shiga rubutu.

Hana ta barci

An ƙera Windows ne da nufin tattalin batir, kuma duk dabarunta na tattali cutarwa ne ga wannan aiki. Ni na koyi haka ne a kan motar wani bawan Allah da ke kai buhunan riɗi kasuwa. Na fara rubutu, allo ya nuna aiki ya kai kusan rabi, sai aka kira ni in dubi wata mota a bakin titi. Yaron da na bari ya ga ƙura na tasowa, ya rufe murfin laftof domin ya kyauta mini. Da na dawo na buɗe, magana ta yanke, mota kuma ko fanfon mai ba ta ƙara kunnawa ba. Sai da na kwashi ƙwaƙwalwar na tafi Kano, na yi kwana biyu ina bin masu gyara, daga ƙarshe na sayi wata ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa, sannan na biya wani ya haɗa ta da makullin motar, domin ƙwaƙwalwar da ba ta san makulli ba ba za ta bari inji ya tashi ba. Yaron bai yi laifi ba, ni ne ban gaya wa Windows abin da za ta yi idan an rufe murfi ba.

Ga yadda ake gaya mata. A shiga Control Panel, a buɗe Power Options, a danna Choose what closing the lid does, a mayar da shi Do nothing, ko tana kan batir ko tana kan caja. A koma Change plan settings, a mayar da lokacin barci da na kashe allo Never. Daga nan a shiga Change advanced power settings, a nemi USB selective suspend setting a mayar da shi Disabled, domin wannan saitin ne ke bai wa Windows izinin yanke wa ramin USB wuta idan ta ga kamar ba a amfani da shi. Akwai ɗan'uwansa da ke ɓoye a Device Manager: a ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers a buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management a cire alamar da ke bai wa kwamfuta damar kashe na'urar. Mutane da yawa suna yin na farko su manta da na biyu.

Sai sabuntawar Windows, wadda ba ta san lokacin da ya dace ba. A shiga Windows Update a dakatar da ita. Ana iya dakatarwa har mako biyar. Ba cewa nake a daina sabuntawa ba, a'a, a ware mata rana ne, kamar yammacin Juma'a da gareji ke rufe, a sabunta, a sake kunna laftof, a gwada kebul a mota a tabbata komai yana nan, sannan a sake dakatarwa. Tunda mafi yawanmu da datar waya muke shiga intanet, a sa wa haɗin alamar Metered connection, wanda ke hana Windows kwashe data a ɓoye. Wasu manhajojin masu lasisi suna bukatar intanet domin su tantance mai su, saboda haka a san kusurwar garejin da sabis ya fi ƙarfi, a kuma buɗe manhajar a tabbata ta shiga tun kafin a kwance komai a motar mutane.

Kebul da direbansa

Kowane kebul yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da Windows, ita ake kira direba, ko da yake ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ƙa'ida ita ce a zuba direban tukuna kafin a soka kebul a karon farko, domin idan aka soka shi da wuri Windows takan zaɓar masa wanda ta ga dama. A cikin mafi yawan kebul ɗin akwai ɗan guntun da ke juya harshen USB zuwa tsohon harshen da ƙwaƙwalwar mota ke ji, kuma sanannun su huɗu ne: FTDI da CH340 da CP210x na Silicon Labs da PL2303 na Prolific. A san wanda ke cikin kebul ɗin, a sauko da direbansa daga shafin kamfanin da ya ƙera shi ko na mai manhajar, ba daga ɗan faifan da ke zuwa a cikin kwali ba.

Bayan an soka, a buɗe Device Manager a duba ƙarƙashin Ports. Idan sunan kebul ya fito da lamba kamar COM7 ba tare da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ba, direba ya zauna. Amma tsofaffin manhajoji, ciki har da VCDS-Lite, ba sa ganin abin da ya wuce COM4. Sai a buɗe Properties, a shiga Port Settings, a danna Advanced, a mayar da lambar COM3 ko wata da ba kowa a kanta, a kuma zaɓi wannan lambar a cikin manhajar. A wannan shafin dai, idan guntun FTDI ne, za a ga Latency Timer a kan 16. Wannan jinkiri ne na kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa, kuma tsofaffin ƙwaƙwalen da ba su da haƙurin jira sukan yanke magana saboda shi. A rage shi zuwa 1 ko 2. Sannan a ɗauki fenti ko ɗan salatif a yi wa ramin USB ɗin da aka yi amfani da shi alama, domin wasu kebul ɗin idan aka canza musu rami Windows takan ba su sabuwar lamba, sai manhaja ta ce ba ta ga kowa ba.

Game da ingancin kebul kuwa, araha ba ta ado. 'Yar na'urar ELM327 da ake sayarwa ko'ina tana da amfani wajen karanta lambobin matsala da kallon yadda inji ke aiki, kuma da ita ya kamata mai koyo ya fara, amma ba a ƙera ta domin rubutu ba. Rubutu yana bukatar na'urar da mai manhajar ya amince da ita, ko wadda ta bi J2534, wato ƙa'idar na'urorin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwar mota da su, kamar Openport 2.0 na kamfanin Tactrix. Kasuwa cike take da jabun waɗannan, kuma jabu yana iya aiki wata shida ya ci amana rana ɗaya. A shekarar 2014 kamfanin FTDI ya taɓa fitar da direban da ya riƙa kashe jabun guntayensa, mutane suka wayi gari kebul ɗinsu ba ya aiki. Haka ma manhajar sata da ake turawa a filas: kusan kullum sai an ce ka kashe rigakafin kwamfuta kafin ta buɗe, wanda ke nufin ka buɗe ƙofa ga abin da ba ka sani ba. Idan manhaja ta asali ce kuma Windows Security tana damunta, ba a kashe rigakafin gaba ɗaya, ana sa foldarta ce kawai a cikin Exclusions.

Wutar mota da wutar laftof

Lafiyayyen batirin mota da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Ana rubutu ne da makulli a buɗe amma inji bai tashi ba, wato babu caji, alhali fanfon mai da fitilun allo suna jan wuta, a wasu motocin ma fankar lagireto takan tashi da kanta a tsakiyar aiki. A garejinmu akwai ƙarin matsala, domin motoci da yawa an riga an haɗa musu fanka kai tsaye, da an murɗa makulli take fara juyawa. Batir mai rauni ba ya daɗewa a wannan hali. Saboda haka a auna batir da mita kafin a fara, kuma ya fi kyau a auna a soket ɗin kansa, tsakanin rami na 16 mai kawo wuta da rami na 4 na ƙasa, domin wannan ce wutar da kebul zai gani. A kashe fitilu da rediyo da fankar ciki, a cire duk wata cajar waya.

Masu hali suna amfani da na'urar da ke riƙe wuta daram a wajen bolt 13 da ɗoriya. Wanda ba shi da ita ya jona cikakken batir na biyu da wayoyin tayarwa masu kauri, ya ɗaure bakunansu sosai. Abin da ba a yi shi ne jona tsohuwar cajar batir ta gareji mai gurnani, domin wutarta hawa da sauka take yi. Laftof kuma a cika ta tun da safe, da sola ko da janareta, a cire caja, a yi rubutun a kan batirinta. Wutar gari tana iya ɗaukewa ko ta dawo da ƙarfi, ƙaramin janareta yana tangal-tangal idan an kunna injin walda a maƙwabta, ƙaramar inbatar da ake sokawa a ramin kunna taba kuma tana jan batirin da muke ƙoƙarin tsarewa, ga hayaniyar wuta da take cusa wa layin magana.

Jonawar farko

Kada gwajin farko ya kasance a motar kwastoma. A nemi ta gida ko ta abokin da ya san gwaji ake yi. A soka kebul a laftof, a soka a mota, a buɗe makulli, a bar manhaja ta gano ƙwaƙwalwar ta nuna lambarta. A yi kwanaki ana karatu kawai har hannu ya faɗa. Ranar da za a fara aikin gaske, matakin da ba a tsallakewa shi ne a karanto ainihin fayil ɗin kamfani a ajiye kafin a taɓa komai. A sa masa suna mai ma'ana, da lambar mota da lambar ƙwaƙwalwa da kwanan wata da kalmar asali, domin bayan shekara guda fayil ashirin masu suna iri ɗaya ba za su amfani kowa ba. A ajiye shi wuri uku: a laftof, a filas ɗin da ba ya kwana a gareji, da kuma Google Drive ko akwatin imel. Ba a yin gyara a kan na asali, ana kwafarsa ne a yi aiki a kan kwafin. Kuma kafin a rubuta fayil ɗin da aka gyara, a tabbata manhajar ta daidaita lambar tantancewar da ƙwaƙwalwa ke auna sahihancin fayil da ita, domin idan lissafin bai dace ba mota na iya ƙin tashi ko da rubutu ya kammala lafiya. Fayil ɗin da wani ya turo ta WhatsApp yana cewa na irin motar ne kuwa, ba a zuba shi don kawai sunan mota ya zo ɗaya. Corolla biyu na shekara ɗaya suna iya ɗauke da ƙwaƙwalwa daban.

Kafin a kai ga rubutu ma, a koyi naɗar bayanai yayin da mota ke tafiya, domin a nan ne amsar direban da ya zo da kukan shan mai take. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da laftof a kujerar gefe, a kan titi mai kwalta da ba cunkoso. Ba a yin wannan a hanyar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, lokacin da motocin shanu suka cika hanya. A zaɓi abubuwa kaɗan: gudun inji, zafin ruwa, iskar da ke shiga, lokacin kunna fulogi, da gyaran mai na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Tsofaffin motoci masu layin K suna magana ne da saurin kusan bit 10,400 a daƙiƙa, sababbi masu layin CAN kuma har 500,000, don haka idan aka ɗora wa tsohuwa tambayoyi ashirin a lokaci guda, amsoshin za su riƙa zuwa a makare.

Injin fetur yana neman kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, lambobin gyaran mai kuma suna nuna yadda ƙwaƙwalwa ke fama domin ta riƙe wannan ma'auni. Idan sun wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, akwai abin da ya lalace: tiyo yana shan iska, ko nozul ya toshe, ko na'urar auna iska ta yi datti, kuma sau da yawa lambar matsala P0171, mai nuna iska ta fi mai yawa, takan biyo baya. Idan zafin ruwa ya tsaya a digiri 60 ko 70 bayan tafiya mai nisa, maimakon wajen 90, to kusan tabbas an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, kamar yadda aka saba yi a nan da sunan maganin zafi. Ƙwaƙwalwa tana ɗauka inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. A irin wannan motar, mayar da tamostat da gyara wayar fanka da wanke na'urar auna iska sun fi kowane sabon fayil rage shan mai. Sannan a tambayi direba inda yake shan mai, domin motar da rabin manta daga galan ɗin 'yan bumburutu yake fitowa ba a matsa mata lokacin kunna fulogi. Man da ba a san ingancinsa ba, ga zafin bazara, ga lodin buhuna, su ne ke haifar da ƙwanƙwasar da ke fasa fistin. Sai an ga zafin ruwa ya daidaita, lambobin gyaran mai sun dawo kusa da sifili, babu wata lambar matsala da ta rage, sannan za a jona batir na biyu, a cire cajar laftof, a sanar da duk wanda ke gareji cewa kada a taɓa mota ko murfin kwamfuta, a danna rubutu, a zauna a wurin har allo ya ce an gama.